Wa Ya Gana Da Wa? Fim Ɗin Annobar Da Har Yau Ba Mu Yi Ba

Mai karatu, bari in fara da wani sin da na tabbata ka kalle shi sau ba adadi. Alhaji ya ji labarin 'yarsa ta ƙi mijin da ya zaɓa mata, sai ya dafe ƙirji ya sulale ƙasa. Sin na gaba ga shi kwance a asibiti an ɗaura masa ƙarin ruwa, Hajiya tana ta sharɓar kuka a bakin ƙofa. Likita ya fito da abin awon ƙirji rataye a wuya, ya cire tabarau, ya girgiza kai, ya ce jininsa ne ya hau, a guji ɓata masa rai. Shi ke nan. A littattafanmu na hikaya ma haka abin yake, sai dai can budurwa ce ke kamuwa da ciwon zuciya don an raba ta da masoyinta. In kuwa likita ya ce ya duba bai ga komai ba, to kai ma ka san kishiya ta ziyarci boka.

Ka lura da kyau, ciwon da ke cikin labaranmu na mutum ɗaya ne. Ana kawo shi don a hukunta mugu, ko don a tilasta wa uwa ta amince da aure, da ya gama aikinsa kuma sai ya tafi. Ba ya tsallaka katanga ya shiga gidan maƙwabci. Alhali kuwa ciwon da ya fi rufe gidaje a ƙasar nan shi ne mai tsallakawar. Sanƙarau ɗin 1996 ya kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 11,000, akasarinsu a nan Arewa. Amai da gudawa na 2021 an lissafa mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,600 suka riga mu gidan gaskiya, kuma ƙasar Funtua na cikin wuraren da suka fi jin jiki a Jihar Katsina. Ga korona a 2020, ga mashaƙo da ya addabi yaran Kano da Katsina da Yobe a 2023. Duk wannan ya faru a kan idonmu. To ina labarinsa a allon talabijin? Ina littafinsa?

Abin da ya tayar mini da wannan magana finafinai biyu ne da na sake kallo a jere. Ɗaya namu ne na gida Nijeriya, 93 Days na darakta Steve Gukas, wanda ya fito a 2016. Ɗayan na Indiya ne, Virus na Aashiq Abu, wanda ya fito a 2019 cikin harshen Malayalam na mutanen Jihar Kerala. Dukkansu a kan abin da ya faru da gaske aka gina su, kuma dukkansu suna tafiya a kan duwatsun murhu uku da ake girka yaƙi da annoba a kansu. Na farko gwaji, wato a ɗebi jini ko majina ko bayan gida a kai ɗakin gwaje-gwaje don a san sunan ciwon, a daina lalube cikin duhu. Na biyu bin sawu, wato a zauna da majinyaci ko danginsa a lissafo duk wanda ya yi mu'amala da shi, a bi su ɗaya bayan ɗaya ana duba su har kwanakin da ciwon ke ɗauka kafin ya bayyana su wuce. Na uku killacewa, a ware wanda ya kamu daga masu lafiya har ya warke. Ka cire dutse ɗaya, tukunya ta kife.

Kwana casa'in da uku

Labarin 93 Days sananne ne. Ran 20 ga Yulin 2014 wani ɗan ƙasar Laberiya mai suna Patrick Sawyer ya sauka a filin jirgin saman Legas yana ɗauke da cutar Ebola, da niyyar wucewa Kalaba wurin wani taron ECOWAS. Aka kai shi asibitin First Consultants. Likita Stella Ameyo Adadevoh ta yi zargin ba zazzaɓin cizon sauro ba ne, ta sa aka ɗebi jininsa, ta kuma ƙi sallamarsa duk da matsin lambar da aka yi mata daga sama. Ya mutu ran 25 ga wata. Ita ma ta kamu, ta mutu ran 19 ga Agusta. A ƙarshe mutum 20 suka kamu a Nijeriya, 8 suka mutu, ran 20 ga Oktoba kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasar ta tsira. Daga ranar saukar Sawyer zuwa wannan rana, su ne kwanakin da fim ɗin ya ɗauki sunansa daga gare su.

In dai a ɓangaren killacewa ne, wallahi Gukas ya yi ƙoƙari. Bimbo Akintola ta fito a matsayin Adadevoh ba tare da hayaniya ba, mace mai sanyin magana wadda in ta ce a'a to a'a ce. Danny Glover na Amurka ya fito a matsayin mai asibitin. Amma inda fim ɗin ya fi taɓa zuciya shi ne ɗakin killacewa na Yaba, inda likitoci da nas-nas ɗin da jiya suke duba wani yau su ne a kwance, kowa na jin numfashin na kusa da shi, miji ba ya iya taɓa matarsa. Fim ɗin bai ɓoye cewa wurin ba ya da kyan gani a farkon lamari ba. Duk wanda ya kalli wannan ɓangare zai fahimci dalilin da ya sa mutum kan gwammace ya ɓuya a ɗakin uwarsa da a kai shi irin wannan wuri.

Inda nake da ƙorafi shi ne, darakta ya kafa kyamararsa a asibiti ya kusa mancewa da titi. Abin da ya ceci Legas ya wuce jarumtakar mutum ɗaya. An lissafa mutum kusan 900 da suka yi mu'amala da masu ciwon, ma'aikata suka riƙa bin su gida-gida suna auna zafin jikinsu kullum har kwana 21, ziyarar da aka ƙiyasta ta kai 18,500. Waɗanda suka tsara aikin, irin su Dakta Faisal Shuaib, daga yaƙin shan inna aka ɗauko su, wato dabarar da aka goge a lungunan Arewa ita ce ta yi rana a Legas. Kuma akwai darasi mai ɗaci a cikin labarin: mutum ɗaya daga cikin waɗanda ake sa wa ido ya sulale ya tafi Fatakwal, wani likita ya yi masa magani a ɓoye a otal, likitan ya kamu ya mutu, cutar ta buɗe sabon shafi a can. Ka ga mutum ɗaya da ya kuɓuce daga jerin sunaye ya isa ya kunna wa wani gari wuta. Wannan shi ne ainihin abin tsoro a labarin, amma a fim ɗin masu bin sawu ba su sami rabon da ya kamace su ba. An ba mu waliyyiya, an rage mana ma'aikacin da ke yawo cikin rana da takarda da biro.

Darasi daga Kerala

Wannan giɓi shi ne Virus ya cike. A watan Mayun 2018 wata cuta da ake kira Nipah ta ɓulla a yankin Kozhikode, ta kashe mutum 17, ciki har da wata nas da ta yi jinyar na farkon, aka kuma sa wa mutum sama da 2,000 ido. Kai da ka saba da fim ɗin Indiya, kada ka zauna jiran rawa a kan dutse. Babu. Abin da Aashiq Abu ya yi shi ne ya mayar da bin sawu ya zama labarin ɗan sandan ciki. Parvathy ta fito a matsayin wata likita da aka ɗora wa aikin gano yadda wannan majinyaci ya haɗu da wancan, alhali garinsu ba ɗaya ba, ba su kuma san juna ba. Tana tambaya, tana komawa baya, tana haɗa lokaci da lokaci, har ta gano cewa wasu a barandar asibiti suka gifta juna, wani ya je jinyar nasa ne ya tallafa wa baƙo. Kowane suna da ta rubuta, sai fim ɗin ya buɗe mana rayuwar mai sunan, da abin da yake ɓoyewa da dalilin ɓoyewar.

Abu biyu a fim ɗin kamar don mu aka yi su. Na farko, gidan da ciwon ya fara shiga gidan Musulmi ne, har wasu manya suka fara raɗe-raɗin ko makamin 'yan ta'adda ne, sai bin sawun ya wanke su da ya kai ga jemagu. Na biyu rigimar gawa. Hukuma na son ƙonawa, dangi suka ce addininsu bai yarda ba, aka zauna aka nemo hanyar binnewa cikin rami mai zurfi da kariya. Fim ɗin bai mayar da dangin jahilai ba, bai kuma mayar da likitocin azzalumai ba. Aibinsa dai mutane sun yi masa yawa, kuma yawan komawa baya da yake yi kan sa mai kallo ya rikice in bai natsu ba. Duk da haka ya tabbatar da abin da nake son furodusoshinmu su ji: tambayar wa ya gana da wa ta isa ta riƙe mai kallo sama da awa biyu ba tare da an harba bindiga ba.

Mu dawo gida

Yanzu mai karatu ɗauko wannan tambaya ka ajiye ta a tashar Funtua. Gari ne da hanyoyi suka haɗu, ta Zariya, ta Gusau da Sakkwato, da wadda ta bi ta Bakori da Malumfashi ta nufi Katsina. Da kaka manyan motoci na lodin masara da dawa da waken suya a Dandume da Bakori, ana ɗaukar tumatir a Danja, 'yan ƙwadago na zuwa daga nesa suna kwana ɗaki ɗaya su goma. Dillalin hatsi guda zai iya cin kasuwa uku cikin mako, ya yi musabaha da mutum ɗari, ya ci tuwo kwano ɗaya da mutum biyar, ya yi Juma'a a wani gari, ya biya gaisuwar mutuwa a wani. Ranar da ya kwanta kuma sai zumunci ya motsa. 'Yan dubiya su cika ɗaki, wannan ta kawo kunu, wancan ya riƙe masa kai. In ta Allah ta kasance, ga masu wanka, ga masu ɗaukar makara, ga zaman makoki na kwana uku. Duk abin da muke alfahari da shi a matsayin mutunci, shi ne hanyar da ƙwayar cuta ke bi. Ina marubucin da zai rasa labari a nan?

Kada kuma wani ya ce wannan ilimi baƙo ne a wurinmu. A shekarun 1970 Malumfashi ta kasance cibiyar wani babban bincike a kan cututtukan karkara, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta yi tare da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool. Sun ƙidaya mutanen ƙauyuka, sun yi nazarin tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji. Sun kuma riƙa lakato majinar maƙogwaron mutane suna aunawa, inda ya bayyana cewa mutum na iya yawo garau alhali yana ɗauke da ƙwayar sanƙarau. A annobar sanƙarau ta 1977 a Zariya, Brian Greenwood da abokan aikinsa sun bi majinyata har gidajensu suna yi wa 'yan gidan rigakafi, suka kuma nuna cewa hakan na rage masu kamuwa a bayan na farko. Kafin su, a ƙarshen 1966 a yankin Ogoja, William Foege ya rasa isasshiyar allurar agana, sai ya koma neman inda ciwon yake yana yi wa na kewaye da shi kaɗai. Da irin wannan dabara aka kawar da agana daga duniya. Wato dai ƙasar nan ta ba duniya darasi a wannan fanni, mu kuwa masu ba da labari ko a jikinmu.

Akwai wani Bature masanin tarihi da al'ada, Murray Last, wanda ya rubuta tarihin Daular Usmaniyya, ya kuma zauna a karkarar Malumfashi. A wata maƙala da ya buga a 1981 ya lura cewa mutane da yawa a yankin ba su damu su san sunan ciwo ko tushensa ba, kuma sha'anin ciwo da magani abu ne da ake lulluɓe shi da sirri. Ni ina ganin a nan ne zuciyar fim ɗinmu take. Addu'ar da Bahaushe ya fi yi ita ce Allah ya rufa asiri. Shi kuwa mai bin sawu sana'arsa tambaya: ina ka kwana shekaranjiya, wa ya shigo ɗakin, wa ka ba hannu? Ka tuna fa wanda ake tambayar zai iya kasancewa yana neman aure a ɓoye a Kafur, ko ya je karɓar bashi inda ba ya son a sani, ko 'yarsa an sa mata rana yana tsoron dangin miji su ji an ce gidansu akwai ciwo. Na taɓa ganin haka a danginmu a daminar 2021. Yaro na ta amai da gudawa tun dare, uwar ta hana a faɗa don kada a ce gidanta da ƙazanta, aka yi ta jiƙe-jiƙe har sai da idonsa ya faɗa kafin a nemi mota. Allah ya yi da sauran kwanansa. Amma rijiyar da suka sha, maƙwabta sun ci gaba da ɗiba har kwana biyu, don babu wanda ya gaya masu.

Wannan misali ya nuna wani abu da marubuci ya kamata ya sani kafin ya ɗauki biro: kowace cuta da irin sawunta. Ta amai da gudawa ruwa take bi, don haka mai bincike rijiya da kududdufi da ɗan garuwa zai bi, kamar yadda likita John Snow ya yi a Landan a 1854 da ya bi gidajen mamata har ya gano famfo ɗaya suke sha. Sanƙarau da mashaƙo numfashi suke bi, sai a nemi waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya ko suke aji ɗaya a ba su magani da rigakafi. Zazzaɓin Lassa daga ɓera yake farawa, ya koma bin masu jinya, su ma kwana 21 ake sa masu ido. Korona kwana 14 aka riƙa killace mutum. In ka haɗa su ka dama, ka yi fim ɗin da zai ƙara wa jama'a ruɗu. Mun ga abin da ruɗu ya yi a Agustan 2014, daren da aka tashi gari da waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, har wasu suka rasa rayukansu alhali Ebola ko kusa da garinsu ba ta zo ba.

Uzurin mai gudu

Abin da nake tsoro shi ne wani ya karanta wannan sharhi ya je ya yi mana irin fim ɗin nan na kwangila, inda likita mai farar riga ke tsayawa yana lacca, ɗan ƙauye mai taurin kai kuma ya mutu a ƙarshe don ya zama izina. Wannan majigi ne, irin wanda Turawa da gwamnatin Jihar Arewa suka riƙa nuna wa kakanninmu a ƙofar fada, kamar Baban Larai mai koyar da noma. Ya yi amfani a zamaninsa. Da korona ta zo 'yan fim da mawaƙa sun yi gajerun saƙonni na wanke hannu da sa takunkumi, Allah ya saka masu, sai dai saƙo daban, labari daban.

Labari na gaskiya dole ya ba mai gudu uzurinsa, don yana da shi. A 1996, ana tsakiyar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara 200 a Asibitin Zana na Kano, 11 suka mutu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003. Kalmar killacewa kuma tana tuna wa tsofaffi zamanin da ake kwashe kutare a kai su Babbar Ruga. A ƙarshen Maris na 2020 an ƙona ofishin 'yan sanda a Kusada saboda hana sallar Juma'a. A watan Afrilu cutar ta fara bayyana a Jihar Katsina ta hanyar wani likita a Daura da sai bayan rasuwarsa sakamakon gwajinsa ya fito, aka rufe garin. A wannan watan ne Kano ta yi ta binne dattawanta, a daidai lokacin da ɗakin gwajin da ke Asibitin Malam Aminu Kano ya tsaya da aiki na 'yan kwanaki. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce daga cikin mace-mace 979 da aka bincika ta hanyar tambayar dangi, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona. Gwajin da ya zo bayan an dawo daga maƙabarta, wa zai ceta? A watan Mayu kuma waɗanda aka killace a Kwadon ta Jihar Gombe suka fito kan titi suna zanga-zangar rashin kulawa. Ga almajiran da gwamnoni suka yi ta lodawa a mota ana mayarwa jihohinsu, wasu da cutar a jikinsu.

To ka ce wa manomin da bai yi noman farko ba ya zauna a ɗaki mako biyu a tsakiyar damina, wa zai yi masa noman? Ka ce wa mai ƙosai ta rufe kasko, me yaranta za su ci? Mai bin sawun kansa, yaya zai shiga wasu ƙauyukan Faskari da Sabuwa da 'yan bindiga suka tarwatsa, mutanen da ke jerin sunayensa sun watsu a gidajen dangi a Funtua? Killacewar da babu abinci a cikinta ɗauri ce, kuma mai kallo ya san haka ko da darakta bai sani ba.

Ga labarin, kyauta

Bari in ba masu sana'ar ƙafa, ba sai sun biya ni ba. Tauraruwarmu ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti tsakanin Malumfashi da Kafur. Mace ce dole, domin namiji iyakarsa zaure, ita ce mai shiga har ƙuryar ɗaki, kamar yadda aikin shan inna ya koya mana. Yara uku sun mutu cikin mako a unguwanni daban-daban da kumburin wuya. Ta ɗebi samfur ta aika birni, sakamako ya ƙi dawowa. Kafin ya zo sai ta fara tambaya. Mai unguwa ya san baƙon da ya kwana a garin, mai kemis ya san wanda ya sayi maganin maƙogwaro, wanzami ya san yaron da aka kawo a cire wa beli, ungozoma ta san gidan da aka yi suna. Sannu a hankali zaren ya kai ta gidan da ba ta so, gidan wanda zai aure ta, inda uwarsa ke ɓoye da jika marar lafiya saura kwana tara biki. In ta rubuta sunan gidan, aure ya lalace. In ta yi shiru, ranar kamu yara hamsin za su shiga ɗakin. Ga soyayya, ga uwar miji, duk kayan miyar da kuka saba da su, sai dai wannan karon akwai rai a kan faifai.

A sa malami a ciki, kada kuma a mayar da shi abokin gaba. Shi ne zai tuna wa jama'a cewa Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya ji annoba ta sauka can ya yi shawara ya juya da jama'arsa, ya kuma nuna wa masu ganin kamar gudun ƙaddara ne cewa juyawar ma cikin ƙaddara take. A sa ɗan siyasar da ba ya son a ambaci sunan ciwon don kada a ce a mulkinsa ne. A sa maƙwabciyar da ke ajiye kwanon tuwo a bakin ƙofar gidan da aka killace kullum da magariba, ta ƙwanƙwasa ta koma. Ita ce amsar fim ɗin, domin ta nuna zumunci na iya canza kama ba tare da ya mutu ba.

Marubutan littafi ma ban ɗauke masu ba, ga shi su ba sa buƙatar kuɗin kyamara. Albert Camus ya fitar da littafinsa na annoba a 1947 a kan birnin Oran na Aljeriya da aka rufe ƙofofinsa, kuma da korona ta zo duniya ta koma karanta shi. Yankin nan ba ya rasa alƙalami. Funtua ce ta ba mu Bilkisu Salisu Ahmed mai Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe?, wadda ta saba fito da mata masu ilimi da sana'a a matsayin taurari. Farfesa Ibrahim Malumfashi kuma ya daɗe yana yi wa adabin kasuwar Kano tsiya a kan ya kasa fita daga soyayya. Ga hanya ta samu da za a ba shi amsa ba tare da an bar soyayyar ba.

Na san furodusa zai ce wa zai sayi fim ɗin ciwo? Ni kuma in ce, wa ya taɓa gwadawa da kyau ya faɗi? Jama'ar da ke bin shiri mai dogon zango mako-mako a YouTube don su san wa ya saci takardar gado, za su bi don su san wa ya kai ciwo gidan biki. Bambancin kawai, ranar da wata baiwar Allah za ta yi sallama a ƙofar gidansu da takarda a hannu tana tambayar wa ya shigo jiya, wataƙila su tuna sun taɓa ganin irinta a fim, su shimfiɗa mata tabarma maimakon su ce maigidan ba ya nan. Annoba ba ta aiko da goron gayyata, kuma wata na tafe ko ba jima ko ba daɗe. Allah ya kare mu, ya ba masu alƙalami da masu kyamara ikon yin abin da ya dace tun kafin ta iso.